Iskar da Ta Rage wa Inna

Zuwa ga ƙanina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, da matarka, da takwarar Inna. Gaisuwar ta tsaya nan, don ba zumunci ne ya sa na ɗauki biro ba.

Na kira wayarka, ka yi kunnen uwar shegu da ni. Na aika a ce ka hawo, ka ce aiki ya sha maka kai. Gini ɗaya muke aiki, kai a ƙasa ni a sama, amma tun rasuwar Inna ƙafarka ba ta sake taka matakalar nan ba. To ga takarda ta ƙarƙashin ƙofa, tunda irin zaman da ka zaɓa mana ke nan.

Ka dai ji cewa masu kawo mana iskar kabon ba za su zo ba sai bayan dogon hutun nan. Na zagaya bayan gini, wajen kejin da ake jera silinda, na duba da idona. Saura biyu. Ɗaya tana kan bututun da ke hawowa ɗakin gwajina, allurar gejinta ta kusa kwanciya. Ɗayar a cike take fal, tana kan bututun ɗakinka. Ita nake so.

Ka san dalili, amma zan maimaita don kada gobe ka ce ba a faɗa maka ba. A cikin akwatin renon da ke ɗakina akwai 'yan kwanuka masu ɗauke da ƙwayoyin fatar Inna, waɗanda na ɗiba daga damtsenta tun tana da rai. Suna nan suna ci, suna rabuwa gida biyu, suna yawa. Ba sa rayuwa sai da ɗumi irin na jikin mutum da iskar kabon daidai gwargwado. Da zarar iskar ta yanke, jan ruwan da suke kwance a ciki sai ya rikiɗe ya koma shunayya, su kuma su mutu. Waɗanda na daskarar don ajiya sun lalace bara da firiza ta mutu, ka ji labari ko da yake ba ka zo jaje ba. Waɗannan su ne na ƙarshe a duniya. Sai sun ƙara yawa kafin in iya daskarar da wasu.

A cikinsu nake neman abin da ya cinye wa Inna ƙarfin tsoka har cokali ya gagare ta riƙewa. Ciwon na gado ne, ba sai na tuna maka ba.

Tukunyar ƙarfen nan taka kuwa, a zama ɗaya take shanye abin da zai ishe ni wata da watanni. Roba ba ta mutuwa don ta jira. Ka dakatar da aikinka, ka sa a juya silindar zuwa bututuna kafin a tashi hutu. Ba roƙonka nake yi ba, Allah ya kiyaye. Tuna maka nake yi cewa kai ma nononta ka sha.

Ka huta lafiya.

Yayarka


Zuwa ga Shugabar Sashen Ƙwayoyin Halitta,

Wa alaikumus salam. Ranki ya daɗe, takardarki ta iso, na kuma karanta umarnin da ke ciki. Iyali suna lafiya, na gode da rabin gaisuwar da aka yi musu.

Kin kira aikina roba, sai ka ce mai tallan bokiti a bakin titi. Bari in gaya miki abin da nake yi a ƙasan nan, tunda ba ki taɓa tambaya ba. Iskar da duniya take kuka da ita, wadda ke fita daga bututun hayaƙin masana'antu, ita nake durawa cikin tukunyar ƙarfe. In matse ta da wani ruwan sinadari, in barbaɗa ɗan garin da ke ɗaura musu aure, in bar ta tana juyawa a kan zafi. In na buɗe sai in tarar da farin abu mai danƙo, wanda kusan rabin nauyinsa iskar nan ce. Da shi za a yi leda, a yi katifa, ba tare da an dogara kacokan da man fetur ba. Ƙuruciyata na zuba a cikin tukunyar nan kafin ta yarda ta ba ni abin kirki.

Bayan hutu mutanen wata masana'anta za su zo su ga ko zan iya yin mai yawa a tashi ɗaya. In suka tarar da tukunya wayam, ba za su sake waiwayo ni ba. Silindar nan da sunan sashena aka kawo ta. Ke da kika san kina da majinyata a akwati, me ya hana ki tanadi taki tun da wuri?

Yanzu ga maganar da kike ta tsokano ni in faɗa. Inna ta rasu, Yaya. An yi mata wanka, an yi mata sallah, an rufe ta. Abin da ke cikin kwanukanki, ɗayan biyu ne. Ko dai ba Inna ba ce, kin ga ke nan ki daina yi min barazana da nonon da na sha. Ko kuma ita ce, ke nan ke ce kika hana uwarki kwanciya, kika kulle wani yanki nata a akwati kina leƙa shi da madubin ƙara girman abu safe da yamma. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai.

Mace tana kwance, ko kofi ba ta iya ɗagawa, kika zo mata da wuƙa da takardar sa hannu. Ina ta ga bakin ce miki a'a? Wa ya taɓa ce miki a'a a gidanmu ya kwana lafiya? Ba banza ba take kiranki 'Yar Sanda.

Batun gado kuwa, kin gwada kanki kin ga ba ki ɗauko ba, barka da arziki. Amma ban manta ba, ana cikin zaman makoki kika jawo ni gefe kina zaro allura daga jaka wai ki ɗebi jinina. Abin da na ce miki ranar shi ne dai har yau. Jikina ba kayan aikinki ba ne.

Silinda tana nan inda take. Allah ya ba da haƙuri.

Naki,
ƙaninki na ƙasan bene


Kai Sifana,

Salamu alaikum, don sallama ba taka ba ce balle in hana ka.

Iye, manya! Ko amsar 'yar'uwarka ma yanzu sai an buga da inji, kamar takardar kora daga aiki. Biro ya yi maka ƙanƙanta ke nan. Na ji ma an ce yanzu ko murfin tukunyarka ba ka ɗaurewa da kanka, sai ka tsaya ka rungume hannu wasu na ɗaurewa kana nuni da baki. Kai da Inna ta sa wa suna Sifana, don in ka rufe kwalba a gida sai an nemo ka daga filin ƙwallo ka buɗe. Ilimi ya yi rana, ya mayar da kai Darakta.

Wai ni na zo wa Inna da wuƙa. Kana ina a ranar? Ni dai na san ina bakin gadonta, na yi mata bayani, na ce in ba ta so ko kusa ba zan taɓa ta ba. Ta ce in naɗe mata hannun riga, don ita ba ta iyawa. Ta ce, "Yanki abinki, 'yar nan. Ni dai tawa ta ƙare. In wannan zai hana jikokina jan ƙafa, ki haɗa har da ɗaya hannun." Tana faɗa tana dariya. Wannan ita ce matar da kake cewa ba ta da bakin a'a.

Tunda kuma ka ɗauko zancen girmama gawa, to zo mu zauna. Duk tsawon jinyar nan, in an ce ka kama a juya ta a kan gado, sai ka ce bari ka kira ma'aikacin asibiti, su suka iya. Ni da Baba muke ɗaga ta, tsoho da ciwon baya. Ranar jana'iza kuma mijina ya ga komai da idonsa. Ka kama makara, ko bakin layi ba a kai ba ka sakar wa maƙwabci, ka koma baya kana gyara hula. Ɗa namiji guda ɗaya tal da ta haifa! Yau kai ne mai wa'azin a bar ta ta kwanta? Tir!

Ba na gardama da kai a kan ko ƙwayoyin nan Inna ce ko ba ita ba ce. Na dai san da safen nan na sa su a ƙarƙashin madubi, na ga sun miƙe dogo-dogo sun kama kwano, suna jeruwa gefe da gefe. Amana ce ta bar min, kuma allurar gejina sai ƙara sauka take yi.

Na kai wa Baba takardarka ya karanta. Ka kira ni 'Yar Sanda, to na yi aikina.

Sai ka ji daga gare shi.

Yayarka, ko ka so ko ka ƙi


Zuwa ga 'ya'yana biyu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku, ina gaida iyalanku. Ni ina nan lafiya, sai bayan nan da ya ƙi barina. Takarda ɗaya na rubuta na sa aka yi mata hoto biyu, don kada wani ya ce an fi zagin sa.

Na karanta abin da kuke rubuta wa juna. Wallahi na ji kunya. Na ƙare rayuwata a kwance ƙarƙashin motocin mutane, baƙin mai yana ɗiga min a ido, don ku yi karatun da ban yi ba. Ashe karatun rubuta wa juna baƙar magana na biya. Gini ɗaya, matakala ɗaya tsakaninku, amma sai takarda kamar masu shari'ar gona. Da uwarku na nan da ta haɗa kawunanku ta gwara.

Ke babba, bakinki ya yi kaifi. Ba kowace gaskiya ake jifan mutum da ita ba. Zancen makara ba naki ba ne, kada in sake jin sa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Kai kuma auta, buɗe kunnenka. Ina wurin ranar da aka ɗebi fatar nan. Matata ce kafin ta zama uwarku, kuma da hankalinta garau ta ba da. Ni ban san me ake gani a madubin yayarka ba, ban kuma san yadda ake mayar da iska leda ba, duk biyun a wurina abin mamaki ne. Amma na san abin da zai iya jira da wanda ba zai iya ba. Mutanen masana'anta in sun tafi, Allah ya kawo wasu. Abin da uwarka ta bari in ya tafi, babu shagon da ake sayar da shi.

Don haka ka ba ta silindar kafin a tashi hutu. Ba shawara nake ba ka ba. Ka kuma haɗa mata da kyau yadda na koya maka tun kana tsayin tayar mota: a ɗaure noti sai ya yi kuka, sannan a ƙara masa kaɗan.

Af, famfon bayan gida har yanzu yana ɗiga. Sau nawa kana zuwa gaishe ni, in nuna maka, ka ce sai wani zuwan. In ka girmi aikin ne ka faɗa min in nemi mai gyara.

Allah ya yi muku albarka, ya shirye ku.

Mahaifinku


Yaya,

Salam. An yi yadda kike so.

Na kashe tukunyata, na kira mutanen masana'anta na ce kada su zo. Mutumin ya ce to, za su neme ni. Ke ma kin san ma'anar za su neme ni.

Silindar tana kan bututunki. Mai kula da gas ya ce in bari ya haɗa, na ce ya tafi hutunsa, umarnin ni aka ba wa. Ni kaɗai na haɗa ta da hannuna, don kada ki ce na wakilta wani kamar Darakta. Ki leƙa akwatinki za ki ga iska tana isowa.

Don Baba na yi, ba don ke ba, ba kuma don kwanukanki ba. Kin ci wannan. Kin saba ci tun muna yara, ki ruga ki kai ƙara ki dawo kina lashe baki. Daga yau kada ki ƙara turo min takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Mai shara ma ta fara yi min kallon tausayi.

A sha hutu lafiya.

Ƙaninki


Kai,

Ba ni da sallamar da zan yi maka yau.

Sun mutu. Duka. Ka ji daɗi?

Ranar da aka tashi hutu na canja musu ruwa, na ga iska tana shigowa daidai, na rufe akwati na tafi gida hankalina kwance. Har na ce wa mijina ƙila na zafafa a kanka. Da na dawo in ba su abinci, tun daga matakala nake jin akwatin yana kururuwa shi kaɗai a ɗaki. Na buɗe. Ruwan nan ya koma shunayya a kowane kwano. Na sa a madubi, na ga sun saki kwano, sun dunƙule, suna yawo a saman ruwa. Na canja ruwa, na ari ƙaramar silinda daga wani asibiti, na jira ko guda ɗaya za ta sake kamawa. Ko ɗaya.

Na sauka keji. Silindar da na gani a cike fal kafin ka haɗa, allurarta tana kwance a sifili. Iskar da za ta kai ni watanni ta tsiyaye cikin hutu guda, ga janareta yana ruri a gefe, babu mai jin tsiyayarta. Silinda ba ta shan kanta, Sifana. Wani ne ya bar mata hanya.

Kai ne ka kori mai kula da gas. Kai ne ka ce kai kaɗai ka haɗa, da bakinka ka rubuta. Ka bi umarnin Baba a fili, ka yi naka a ɓoye. Kai, amma ka iya mugunta! Da ka hana ni silindar gaba da gaba, da na bi asibitoci ina roƙo tun kafin hutu, da na samu. Sai ka ba ni don in saki jiki.

Sau biyu ke nan ina rasa Inna. Na farko Allah ne ya karɓi abinsa, na yi haƙuri. Na biyun nan kai ne, kuma ban yafe ba. Zan ɗauki hoton wurin in kai ƙararka gaban shugaban cibiya. Baba kuwa ban san da bakin da zan gaya masa ba.

Allah ya isa tsakanina da kai.

Wadda kuka fito ciki ɗaya


Yaya,

Assalamu alaikum. Na samu takardarki.

Kin kama ɓarawo, kin yi shari'a, kin yanke hukunci, me ya rage in ce? Ni na haɗa silindar, ban musa ba. Ki ɗauke shi yadda kika ga dama. Ki kai ƙara duk inda kike so, zan je in tsaya, ba zan kare kaina ba. Tukunyata ma ga ta nan a sanyaye, in sun kore ni ba su raba ni da komai ba.

Abu ɗaya nake nema. Na san yadda kuke yi da kwanukan da suka mutu, ku zuba musu ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ku dafa, ku jefa a jakar shara. Kada ki yi wa waɗannan haka. Ki juye abin da ya rage a 'yar kwalba ki aiko min, in kai shi kusa da kabarin Inna in tona in rufe. Kin riƙe su suna da rai, ban hana ki ba sai da baki. Yanzu da suka mutu, ki bar min.

Baba kuma ki bar shi, ni zan gaya masa. Ki ce ni ne, ya isa.

Wassalam.

Ƙaninki


Sifana,

Assalamu alaikum. Ka zauna kafin ka karanta wannan, don ban gama da kai ba.

Na je keji da safe in ɗauki hoton da zan kai ƙara. Na kama notin da ke haɗa silinda da bututu, sai ya juya a hannuna. Da yatsu biyu na kwance shi, ni da ko murfin man shafawa sai na nemi taimako. Na ce yawwa, ga shaida. Sai na ɗaga shi a haske.

Notin nan duk ya ci duka. Kowace kusurwa tasa ta gwigwiye, tagullar ta yi fari-fari inda sifana ta riƙa zamewa tana kartar ta. A ƙasa, bayan silindar, ga sifanarka mai jan fenti, wadda Baba ya ba ka. An nannaɗe mariƙinta da tsumma an ƙulle, irin yadda muke nannaɗe wa Inna cokali don kada ya suɓuce mata.

Na daɗe a tsugune a wurin. Wanda ya yi niyyar barin noti a sake, sau ɗaya zai murɗa ya tafi abinsa. Ba zai tsaya yana kokawa da shi har ya cinye masa kusurwa ba. Ka ɗaure iya ƙarfinka. Ƙarfin ne babu.

Ni kuwa da na ga iska tana shigowa ranar, ban sauko na shafa ruwan sabulu a mahaɗin na ga ko zai yi kumfa ba, abin da nake yi wa kowace silinda tun da na fara aiki. Wa zai duba notin da Sifana ya ɗaure?

Tun yaushe? Kada ka yi min ƙarya. Matakalar da ka daina hawa. Biron da ka ajiye. Murfin tukunyar da wasu ke ɗaure maka. Famfon Baba. Ka ƙi ɗaga Inna a gado don kana tsoron ta suɓuce maka. Makarar nan da na yi ta caccakar ka da ita, ashe sakinta ka yi kafin ta faɗi. Ni da nake kwana ina tashi da ciwon nan a ƙarƙashin madubi, yana yawo a ƙasan ɗakina da farar riga ban gan shi ba, ina kiran sa girman kai.

Kada ka ɗauka na huce. Wallahi yau na fi jin haushinka. Da mugunta ce da na san inda zan ajiye ta. Amma kalma ɗaya ta gagare ka. Da ka ce wa mai kula da gas, "Riƙe min nan," da ƙwayoyin Inna suna nan da ransu. Ka gwammace su mutu, ka gwammace in ja maka Allah ya isa, ka gwammace a kore ka daga aiki, da dai a ga hannunka ya kasa. Wane irin taurin kai ne wannan? Na wa ka gado? Ita dai da ta kasa naɗe hannun riga, buɗe baki ta yi ta ce a naɗe mata.

Allah ya isan da na yi na janye ta. Ƙarar ma na fasa. Yafiya kuwa sai a hankali, kada ka matsa min.

Yanzu ga inda muke. Aikin da Inna ta ba da fatarta dominsa ya tsaya cik, don ba ni da ƙwaya ko ɗaya mai ɗauke da ciwon. Nawa jikin ba shi da shi. Mutum ɗaya na sani a duniya da yake da abin da nake nema, kuma yana ƙasan ɗakina yana cika yana batsewa. Ɗan yanki ne daga damtse, bai fi ƙwayar shinkafa ba, zan kashe wurin da allura ba za ka ji ba. Ba na yi maka alkawarin magani. Mai yiwuwa ba kai za ka ci moriyarsa ba. Amma kana da 'ya mai sunan Inna, kuma ka san lissafin kamar yadda na sani, rabi da rabi ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka ce jikinka ba kayan aikina ba ne. Gaskiyarka. Shi ya sa nake tambaya, kuma in ka ce a'a ba zan kai ƙara wurin Baba ba.

Kwalbar da ka nema tana kan teburina, na juye su a ciki, ban zuba musu ruwan kashe ƙwayoyin cuta ba. Taka ce ko ka yarda ko ba ka yarda ba.

Ka gaida matarka. Ina jin ta daɗe tana ɗauke da wannan ita kaɗai.

Yayarka


Yaya,

Wa alaikumus salam. Ki yi haƙuri da rubutun, da biro na yi.

Motar gas ta zo, an sauke silinda. Ban taɓa ko ɗaya ba. Ki sauko ki ɗaure taki da kanki, ki shafa sabulunki.

Na gaya wa Baba duka. Ya riƙe hannuna ya daɗe. Ya ce zai raka ni mu kai kwalbar, shi zai yi tonon.

In kin gama da keji ki shigo da kayan aikinki, don benenki ya fi ƙarfina. Kuma kada ki zo min da kuka ko wa'azi, in kin fara zan fasa. Na hagu za ki yanka, na dama yana da sauran amfani.

Ki zo da wuri. Sai kin naɗe min hannun rigar, maɓallin ya gagare ni.

Ƙaninki,
Sifana